Sunan Taubashina a Sabar Kebbe

A shekarun da kuɗin mai ya sake cika hannun gwamnati, aka wayi gari kowane ofis yana son kwamfuta, har ofishin da ba shi da kujerar kirki. Mahaifina ya ce ya taɓa ganin irin wannan yayin yana saurayi; wancan karon kwalta da famfo aka kawo, kwaltar ta zauna, famfon ya ƙafe. Ni dai yayin ya yi min rana. Da shi na sami aiki a ofishin wani shirin bunƙasa noma a Tambuwal, aka ba ni ɗaki mai sanyi da makulli, aka ce ni ne mai kula da na'urorin nan da na reshenmu na Kebbe.

Abin da na fi tsaro a ɗakin wata baƙar na'ura ce mai gurnani, muna ce mata saba. Aikinta ta san kowa. Sunan kowane ma'aikaci yana cikinta, da sashen da yake, da ƙofofin da aka yarje masa ya buɗe. In ka zauna gaban kowace kwamfuta ta ofis ka buga sunanka da kalmar sirrinka, kwamfutar ba ta yanke hukunci da kanta, sai ta tambayi saba: wannan shi ne kuwa? In shi ne, ina aka ce ya tsaya? Ni da na tashi a gidan malamai ban sha wahalar gane wannan ba, don haka zauren gidanmu yake. Kowa sai ya yi sallama an san muryarsa, sannan wani a zaure zai tsaya, wani ya wuce tsakar gida, ɗakin littattafan mahaifina kuwa ko a cikin 'yan gida ba kowa ke shigarsa ba.

Sabar ba ɗaya ba ce. Uwar tana babban ofis a Sakkwato, 'yarta ɗaya a ɗakina, ɗayar a Kebbe. Duk abin da aka canza a wurin ɗaya sai ta kai wa uwar, uwar ta isar wa ɗayar, don bakinsu ya zo ɗaya. Ta Kebbe tana magana da Sakkwato ne ta wani farin faifai da aka kafa a kan rufi yana kallon sama, mutanen gari suna ce masa kwano. In kwano ya sami matsala, sabar Kebbe ba ta daina aiki, sai dai ta ci gaba da tafiya a kan labarin da ta ji na ƙarshe.

A reshen Kebbe akwai taubashina, ɗan goggona na fari, malamin gona. Tare muka yi karatun allo a gaban mahaifina, tare aka dake mu, kuma tun muna yara bai taɓa barina na sha iska ba. Shi ya liƙa min laƙabin Sarkin Rowa saboda wata gyaɗa da na hana shi, har muka yi gemu bai fasa ba. Mutum ne mai buɗaɗɗen hannu har abin ya yi yawa. Babur ɗinsa na kowa ne, hularsa ta kowa ce, da aka ba shi kalmar sirri sai ya ɗauke ta kamar goro, duk wanda ya miƙo hannu ya gutsura masa. Kalmar ma don ya ƙular da ni ya zaɓe ta, wannan laƙabin nawa ya sa. Da safe in na duba wa ya shiga a Kebbe, sai in ga taubashina ya shiga a kwamfutar sito, ya shiga a ta akawu, ya shiga a tasa, duk a lokaci guda, alhali na san yana can fadama cikin taɓo har gwiwa.

Ba shi kaɗai ke yin haka ba, amma shi ya fi ci min rai, don shi ne nawa. A wurinmu ka ce wa abokin aikinka ba za ka gaya masa wata kalma ba, ai ka ce masa ɓarawo ke nan. Na yi bayani har bakina ya gaji: saba ba ta ganin fuska, duk abin da aka yi da sunanka a kanka za ta rubuta shi. Sai a ce to, a yi min murmushi, in na juya baya a ci gaba da rabon goro.

Gab da faɗuwar damina na je Kebbe na tarar da direba zaune yana buga wasan kati da sunan taubashina. Ranar na manta da taubasantaka, na manta a gaban mutane muke, na zazzage masa duk abin da ke cikina. Ya bar ni na gama, yana ɓare gyaɗa.

"Kai dai ka cika rowa," ya ce. "Mutum shi ɓoye kalma awa wanda yas sato ta? Mi ac ciki, zinari?"

Na ce, "Sunanka ac ciki. In ba ka san darajatai ba, ni na sani."

Ya dube ni na ɗan lokaci, dariyar ta ragu a fuskarsa. "To, Sarkin Rowa, na jiya." Har ya ce in nuna masa yadda ake kulle folda, wato ma'ajiya a cikin kwamfuta, ta yadda ba mai buɗe ta sai mai ita. Na nuna masa ina huci, na hau babur na dawo ko ruwan ofishin ban sha ba. Na ɗauka wani sabon salon tsokana ne.

Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi, aradu ta faɗa wa kwanon Kebbe. Daga ranar sabar can ta yi shiru. Na dami Sakkwato da waya, yau injiniya yana hanya, gobe motarsa ce ta lalace, jibi ana jiran wani ƙarfe. Na zama abin gudu a babban ofis. In suka ga lambata sai su miƙa wa juna wayar. Kullum na shigo ɗakina idona na kan 'yar fitilar da ke nuna Kebbe, ita kuma ja wur, ko ƙyaftawa ba ta yi.

Ana cikin haka zazzaɓi ya kama taubashina. Aka kawo shi gidansu a Jabo, na je na same shi kwance yana rawar sanyi, bai fasa tambayata ko na zo masa da gyaɗar da yake bina ba. Na ce ya tashi ya karɓa. Bai tashi ba. Kafin mako ya zagayo muka kai shi makwancinsa.

Da na koma aiki, manaja ya leƙo ɗakina ya yi min gaisuwa, sannan ya tuna min da ƙa'idar da ɗan kwangilar da ya kafa na'urorin ya bar mana: duk wanda ya bar aiki, ta kowace hanya, a share sunansa kada wani ya yi amfani da shi. Ni da kaina na sha karanta wa mutane wannan ƙa'idar. Na nemo sunan, na danna. Na'urar ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Na daɗe zaune ina kallon wurin da sunan yake a da, sunan da ke ƙasa ya matso ya cike gurbin. Ban ci abinci ba ranar. Saƙon sharewar ya isa Sakkwato nan take, ya zauna can yana jiran a gyara hanyar Kebbe.

Ranar addu'ar bakwai, bayan mutane sun ragu, Goggo ta aiko a kira ni. Yanar ido ta rufe mata gani tun shekarun baya, in ka shigo sai ta karkata kai ta gane ka da tafiyarka. Ba ta taɓa faɗin sunan ɗan nan nata ba, ɗan fari ne, ko yanzu da ya tafi kunyar ba ta sake ta ba.

"Taubashinka ya ce min shina ɗauka min karatu cikin na'urarku ta Kebbe, tunda idanuna sun ƙi," ta ce. "Kullum in an tashi aiki shi rufe ƙohwa shi karanta kaɗan. Ya ce ya wuce rabi, in ya sauke shi kawo min in riƙa saurare. To, bai sauke ba. Abin da yas samu dai ka ɗauko min, in ji muryatai."

Sai a lokacin na gane foldar da ya ce in koya masa kullewa. Kunyar a ji muryarsa yake yi, shi da ba ya kunyar komai. Nan take na tuna abin da na danna. Irin wannan kullewar a jikin sunan mutum take rataye. Muddin sunan yana raye a sabar Kebbe, ina da ikon in canza masa kalma, in shiga a matsayinsa, in kwashe muryar. Amma da zarar an gyara kwano, saƙona zai haye, sunan ya ɓace a can ma, folda ta zama ɗakin da aka jefa makullinsa rijiya. A duk duniya Kebbe kaɗai ce ba ta ji labarin rasuwarsa ba, kuma aradu ce ta yi min wannan alfarmar.

Na ce, "In sha Allahu, Goggo, ni kawo miki." Na faɗa da ƙarfi, har da dafa gwiwarta.

Ban kai Tambuwal ba wayata ta yi ƙara. Injiniya ne, muryarsa cike da fara'a, wai albishirina, ƙarfen ya iso, gobe zai shiga Kebbe in huta da ƙorafi. Na ce ya dakata, ya ba ni kwana biyu. Ya yi dariya, ya ɗauka gatse nake yi masa, ya ce ai an riga an ba shi mota da mai, maganar ta katse. Na sake kira, ba ta shiga. Na kira babban ofis na roƙi su toshe hanyar Kebbe daga wurinsu, wanda ya ɗauka ya ce mutumin da ya hana su barci a kan a buɗe hanya shi ne yau yake cewa a toshe? In rubuto takarda ta bi ta hannun manaja. Kebbe kuwa a lokacin sai mutum ya hau wani tudu bayan kasuwa yake samun waya, na kira duk wanda na sani a can, ba wanda ke kan tudu.

Na kasa zaune na kasa tsaye. Na sha mai a babur tun da yamma, na duba taya, na sake dubawa, na haɗa jakata na kwance na sake haɗawa. Niyyata ina idar da asuba in kama hanya. Bayan la'asar na shiga zaure in sanar da mahaifina, don a gidanmu ba a tafiya ba a faɗa ba. Na yi masa bayani a gurguje. Ya saurara yana jan carbi har na kai aya.

"Wato da sunanai za ka shiga," ya ce.

Na ce e.

"Wa yab ba ka izini?"

"Goggo ta, Baba. Ita tac ce in ɗauko."

"Goggonka ɗai ad da hakki bisa kayanai? Matatai hwa? Ɗakin mamaci za ka buɗe, kuma ba karatu ɗai za ka ishe ciki ba. Ba a buɗe shi sai magada sun yarda, ba a shiga shi mutum guda. Gobe mu koma Jabo a tambaye ta, sannan in bi ka in zan shaida."

Na ce lokaci ne babu, injiniya yana tafe. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Ba kai na kullum kaka hwaɗin kowa da ƙohwatai ba?"

Wanzami ba ya son jarfa. Maganata ce ya maido min, ba ragi ba ƙari, kuma na san gaskiya ya faɗa, wannan ne ma ya fi ƙona min rai. Da wani ne da na ɗaga murya. Mahaifina ne, sai na ce to, na fita na zagaya unguwa ba tare da na san inda za ni ba.

Washegari muka koma Jabo. Matar taubashina tana takaba, ba a shiga wurinta, sai Goggo ta zauna bakin labule ta isar da magana. Kafin a kai ga maganar sai da aka yi gaisuwa, aka yi addu'a, aka kawo fura, mahaifina ya sha a tsanake kamar ba shi da wata tafiya a gabansa. Ni ina tsugune ina kallon inuwar katanga tana janyewa. Daga ƙarshe muryarta ta fito ta bayan labule, ƙasa-ƙasa.

"A hwaɗa mishi na yarda. Muryad dai a ɗauko ma Inna. Sauran abin da ac ciki a bar mishi abinai."

Wanda bai bi hanyar Kebbe da damina a shekarun nan ba, ba zai gane ba. Ni kaɗai da na keta, in faɗi in tashi. Amma ga dattijo a bayana da babbar riga da buta, duk ramin da na shiga sai ya dafa kafaɗata ya ce sannu-sannu, sauri kan haifi nawa. A wani kwalbati ruwa ya cinye rabin hanya, sai da muka jira samari suka ɗauke babur suka tsallakar, suka dawo suka riƙe hannun mahaifina. Abin da ya ɗan kwantar min da hankali shi ne na ce mota ba za ta wuce nan ba. Na tambayi samarin, suka ce wata farar mota ta zo da hantsi, sun nuna mata zagaye ta cikin gonaki. Ban san lokacin da na yi tsaki ba.

Azahar ta same mu a wani ƙauye. Na ce mu ƙarasa mu yi a Kebbe, ya yi kamar bai ji ba, ya sauka. A masallacin ƙauyen, wani tsoho ya gane shi, tsohon ɗalibin kakanmu ne, ya riƙe masa hannu da tambayar wani hukunci a kan gonar gado. Mahaifina ya zauna ya warware masa dalla-dalla. Na fita na tayar da babur don ya ji ƙara, na kashe, na sake tayarwa. Allah ya yafe min, sallar da na yi ranar jikina ne kawai ya yi ta.

Muka shiga Kebbe rana ta karkata. Tun daga nesa na hango farar motar a gindin darbejiya, da tsani jingine da bangon ofis. Ma'aikata suka fito tarye na da murna, shugaban reshe yana riƙe da hannuna yana cewa Allah ya kawo ni a kan gaɓa, yanzun nan aka gama, sai in huta. Injiniya yana wanke hannu a buta, ya ɗaga min yatsa. Ban gaishe shi ba. Na wuce ɗakin saba da takalmina mai taɓo, 'yar'uwar fitilar nan ta ɗakina da na yi makonni ina roƙon ta canza launi, na same ta kore shar tana ƙyaftawa.

Na fizge wayar da ta haɗa saba da kwano, ihu bayan hari. Na nemi sunan, na sake nema da haruffa daban, na bi sashen malaman gona ɗaya bayan ɗaya. Babu shi. Saƙona ya riga ni isowa.

Dabara ɗaya ta rage. Kwamfutar mutum tana tuna mai ita; in ka raba ta da sauran na'urori ta rasa wanda za ta tambaya, za ta buɗe wa duk wanda ya kawo kalmar da ta sani ta ƙarshe. Na je teburinsa. Hularsa ta aiki tana rataye a ƙusa, ba wanda ya taɓa. Na cire wayar bayan kwamfutar, na kunna, mahaifina da shugaban reshe suka tsaya a kaina a matsayin shaidu, sauran suka cika ƙofa. A karo na farko a rayuwata na gode wa Allah da ya yi taubashina mai sakin hannu. Na juya na ce wa ya san kalmarsa.

Kusan a tare suka amsa, har da direba: "Sarkin Rowa."

Wani ya fara dariya ya haɗiye. Na buga. Ta ƙi. Na buga da manyan baƙaƙe, na buga a haɗe, na buga a rabe. Ta ƙi. Sai matar da ke kula da sito, wata dattijuwa da ba ta cika magana ba, ta matso.

"Ai ya sake ta," ta ce. "Tun randa kaz zo kay yi hwaɗa. Munka roƙe shi, yac ce a'a, taubashinai ya hana. Yac ce in kaz zo a hwaɗa maka ko matatai ba ta san ta ba."

Shekara da shekaru ina yi wa mutumin nan wa'azi, bai taɓa ɗaukar maganata ko ta wasa ba. Sau ɗaya ya ji, kuma ya ji da kyau. Na zauna ina gwada duk abin da na san zai iya faɗo masa: sunan unguwarsu, irin shinkafar da yake yabo, zagin da yake yi min in ya ga dama. Kowanne na buga sai akwatin da ake rubuta kalmar ya girgiza ya goge. Na fi kowa saninsa a ɗakin nan, kuma ni na koya masa ya zaɓi abin da ko wanda ya san shi ba zai canka ba.

Da na ƙure, sai na yi abin da na san ba zai yi ba. Na koma saba na ƙirƙiri sabon suna, harafi da harafi irin nasa, na sa shi a sashensa, na ba shi duk ƙofofinsa. Na mayar da waya, na shiga. Kwamfutar ta yi min maraba, ta shimfiɗa min sabon fili fes kamar baƙon da bai taɓa zuwa ba. Na lalubo foldar, ga ta nan, ya rubuta mata Na Inna. Ina ganin jerin karatun a ciki, kowanne da ranar da ya ɗauke shi, na ƙarshen ana jibi zai kwanta. Na danna na farko, ta ce ba ni da izini. Saba ba da suna take sanin mutum ba. A bayan kowane suna akwai wata doguwar lamba da take bayarwa sau ɗaya, in ta tafi ba ta sake ba wa kowa ita.

Mahaifina bai san kwamfuta ba, amma ya ga fuskata. Ya sunkuyo ya dubi gilashin, ya ce, "Suna ɗai kam maido." Sannan ya dafa kaina, abin da rabonsa da yi tun ina yaro, ya ce mu tashi kada magariba ta same mu a kwalbati.

A hanyar dawowa ina jin haushinsa, ina jin haushin injiniya da ƙarfensa, da ɗan kwangila da ƙa'idarsa, da mamacin kansa da ya zaɓi wannan maganar ita kaɗai ya yi min biyayya a kai. Ina ta lissafin furar Jabo da tambayar tsohon nan, ina cewa da ba don su ba. Amma ko a lokacin na san in da na je ni kaɗai na buɗe, da na yi abin da nake zagin mutane a kai. Na bi Sakkwato na wani lokaci da roƙon su nemo hanyar maido da sunan, aka ce ba za a tsayar da aikin shiri gaba ɗaya saboda muryar mutum ɗaya ba. Da aka turo sabon malamin gona aka wanke kwamfutar aka ba shi. Sai bayan shekaru, a wani kwas, na ji malami yana cewa sunan da aka share ba ya ɓacewa nan take, akwai yadda ake tono shi kafin wani wa'adi ya cika. Na fita daga ajin na tsaya a baranda har aka tashi.

Zuwa wurin Goggo ya fi hanyar Kebbe wuya. Na yi ta ɗagawa, yau aiki, gobe ruwa, har ta aiko ta ce ko ƙafata ce ta karye. Na je ranar wata Juma'a da yamma. Tun daga tsakar gida ta gane ni, ta kuma gane ba da komai na zo ba, don ba ta miƙo hannu ba. Na zauna bakin tabarma na fara bayanin saba da kwano da lamba, ina jin kaina ina zuba kamar mai kare kansa a gaban alƙali. Ta bar ni har na gaji na yi shiru.

"Ba ta samu ba ke nan," ta ce.

Na ce, "Ba ta samu ba, Goggo. Na gan ta da idona, na kasa buɗewa. Ya kulle, kuma ni nis sa shi."

Ta daɗe tana murza bakin zanenta. Ban ga hawaye ba, amma na ji numfashinta ya canza. Can ta ce, "Ashe ya ji maganarka." Ta faɗa kamar wadda aka ba labarin wani abin kirki da ɗanta ya yi a bayan idonta.

Sannan ta laluba bayanta, ta jawo gafakar da yake karatu da ita in ya zo gida, ta turo min.

"Ba wuri guda kunka yi karatu ba? Karanta min."

Na ce, "Goggo, muryata ba tashi ta ba."

"Na sani," ta ce. "Ni nih haihe shi. Karanta."

Na tashi na yi alwala na dawo. Na tambaye ta daga ina zan kama, tunda ba wanda ya san inda ya tsaya. Ta ce in kama daga farko, ba inda za ta. Na buɗe, na yi gyaran murya na fara. Ban yi nisa ba na ci gyara a wani wuri da tun muna yara nake tuntuɓe a kansa, taubashina kuma ya yi ta yi min dariya. Goggo ta gyara min ba tare da ta ɗago kai ba, na maimaita, na ci gaba.